Inji Ɗaya, Kwamfutoci Ashirin: Abin da Ke Jiran Mai Raba Sabar Haya da Kansa

A ranar 22 ga Nuwamban 2023 kamfanin Broadcom na Amurka ya kammala sayen VMware, kamfanin manhajar raba inji ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa, cinikin da ya kai wajen dala biliyan 69 idan an haɗa da bashin da ya gada. Wanda ba ya cikin harkar zai wuce labarin ko a jikinsa. Amma a sassan fasaha na bankuna da asibitoci da jami'o'i da kamfanonin waya, labarin ya hana mutane da yawa barci. Ba a cika wata guda ba sabon mai kamfanin ya sanar cewa ya daina sayar da lasisin dindindin, irin wanda ake saya sau ɗaya a ci gaba da amfani. Daga lokacin sai biya shekara-shekara, kuma a dunƙule, ko kana bukatar duk abin da aka cusa cikin ƙunshin ko ba ka bukata. Lissafin kuɗin ya koma kan ƙwayoyin furosesa, kowace furosesa ana ƙirga mata aƙalla 16 ko da nata ba su kai haka ba. A Fabrairun 2024 aka janye ESXi na kyauta, wato manhajar rabon inji ta VMware, wanda ɗalibai da ƙananan ofisoshi suka shekara da shekaru suna dogaro da shi; da aka dawo da shi a Afrilun 2025, da yawa sun riga sun tattara nasu ya nasu. Kamfanin AT&T, duk girmansa, sai da ya kai ƙara kotu a New York a 2024, inda takardun shari'ar suka nuna yana kukan an nemi ƙara masa kuɗi da kashi 1,050 cikin ɗari. Daga baya suka sasanta.

Wannan ne ya tura ɗimbin masu kula da sabobi neman mafita, kuma wadda ta fi yawo a bakinsu ita ce: ka kama hayar inji sukutum a wata cibiyar adana bayanai, ka ɗora masa manhaja ta kyauta irin su Proxmox ko XCP-ng, ka yanka shi da kanka. Ana faɗin haka kamar aikin yamma ɗaya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin girkawar kanta da wuya ta ci sa'a guda. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk wanda ya karɓi inji ya ce shi zai raba, ya ɗauki wasu ayyuka ne da a da kamfanin girgije ke yi masa ba tare da ya lura ba: gadin ƙofa, shimfiɗa hanyar sadarwa, sa ido kan faifai, da tanadin ranar da wuta za ta tashi.

Daga IBM zuwa Cape Town

Sabar zamani inji ne da aiki ɗaya ba ya iya cinye ƙarfinsa. Za ka tarar da ƙwayoyin furosesa 32 ko 64, da RAM na ɗaruruwan gigabait, alhali shafin rajistar ɗalibai ko manhajar biyan albashi kaɗan daga ciki ya ishe ta. Manhajar rabo, wadda 'yan sana'a ke kira haifabaiza, tana zama tsakanin ƙarfen da tsarin aiki, ta fitar da kwamfutocin kwaikwayo da yawa daga inji ɗaya. Kowacce da nata Linux ko Windows, da nata faifan, da nata katin sadarwa, kuma a ganinta ita kaɗai ke da injin. Kamar gidan haya ne: kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma rijiya ɗaya, mita ɗaya, zaure ɗaya, kuma in rufi ya kama da wuta makullin ɗaki ba ya ceton kowa.

Dabarar ta girmi intanet. Injiniyoyin IBM ne suka fara ta a shekarun 1960 da CP-40 da CP-67, kamfanin kuma ya fitar da VM/370 kasuwa a 1972. A 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg suka rubuta sharuɗɗan da furosesa za ta cika kafin a iya raba ta cikin tsafta. Furosesocin x86 da suka mamaye duniya daga baya ba su cika sharuɗɗan ba, saboda akwai wasu umarni masu haɗari da baƙuwar kwamfuta kan aiwatar ba tare da haifabaiza ya samu labari ba. VMware, wanda Diane Greene da Mendel Rosenblum da abokan aikinsu suka kafa a 1998, ya yi suna ne da wayon kama irin waɗannan umarni yana sauya su tun kafin su isa furosesa. Xen, da ya fito daga Jami'ar Cambridge ta Ingila a 2003, ya bi wata hanyar: a gyara tsarin aikin baƙuwar ta san cewa ita baƙuwa ce, ta riƙa neman izini.

Abin da ya sauya lissafin baki ɗaya shi ne shigowar masu ƙera furosesar da kansu. Intel ya kawo VT-x a 2005, AMD ya biyo da AMD-V a 2006, aikin rabo ya koma cikin ƙarfen. Da haka Avi Kivity na kamfanin Qumranet ya rubuta KVM, ƙaramar manhaja da ke mayar da Linux kansa haifabaiza, aka shigar da ita cikin Linux 2.6.20 a farkon 2007. Ita ce ke tafiyar da furosesa da RAM, QEMU na Fabrice Bellard kuma yana kwaikwayon sauran kayan, kamar faifai da katin sadarwa.

A Agustan 2006 Amazon ya buɗe EC2, inda mutum zai kama hayar kwamfutar kwaikwayo da lissafin sa'a, kuma a kan Xen aka gina shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙungiyar da ta gina shi a Cape Town ta Afirka ta Kudu take zaune, ƙarƙashin Chris Pinkham, shekara 14 kafin Amazon ya buɗe yankin sabobinsa na farko a nahiyar, a wannan birni, a 2020. A 2017 kamfanin ya fara komawa Nitro, wanda tushensa KVM ne. Google ma KVM yake amfani da shi, Microsoft kuwa da nasa Hyper-V. Wato dai manhajar da matashi zai sauke kyauta yau 'yar gida ɗaya ce da wadda manyan kamfanonin duniya ke cin abinci da ita.

Yanki ka kama ko inji sukutum?

Kuskuren farko tun kafin a sauke komai yake faruwa, wajen zaɓen abin da za a kama haya. Yawancin abin da ake tallatawa da sunan sabar girgije ta dala biyar ko goma a wata ba inji ba ne, yanki ne da wani ya riga ya yanka da nasa haifabaizan. Wanda ya ɗora Proxmox a kanta yana neman ya yanka yanki ke nan, kwaikwayo cikin kwaikwayo. Yana yiwuwa, amma sai mai injin na asali ya yarda ya miƙa wa baƙuwar waɗancan umarni na Intel ko AMD. Google da Microsoft sun buɗe wannan dama a wasu nau'o'in sabobinsu a 2017. Amazon kuwa ya shafe shekaru yana cewa mai son haka ya kama injin da ba a yanka ba, irin waɗanda sunansu ke ƙarewa da metal, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne.

Gwajin ba ya ɗaukar minti guda. A buɗe fayil ɗin /proc/cpuinfo a nemi vmx idan furosesar Intel ce, ko svm idan ta AMD ce, sannan a duba ko akwai /dev/kvm. In babu su, QEMU zai koma kwaikwayon furosesar gaba ɗaya da manhaja, kuma Windows za ta yi ta jan ƙafa har mutum ya zaci ta mutu. A injin sukutum wani lokaci damar tana nan, kashe ta kawai aka yi a BIOS, sai a kunna.

Kwaikwayo cikin kwaikwayo yana da amfaninsa: koyo, gwajin sabuwar siga kafin a kai ta wurin aiki, ɗakin horar da ɗalibai. Amma a ɗora masa manhajar da abokan ciniki ke biyan kuɗi a kanta, wannan a ganina neman magana ne. Ƙarfi yana raguwa, musamman wajen karatu da rubutun faifai, kuma ranar da abu ya lalace haifabaiza biyu ne abin zargi, ɗayan ma ba ka da ikon leƙa cikinsa.

Girkawar kanta

Proxmox VE na wani kamfani ne da ke Biyana ta Ostiriya, wanda Martin da Dietmar Maurer suka kafa a 2005, sigar farko kuma ta fito a 2008. A ƙarƙashinsa Debian ne, a kansa KVM don cikakkun kwamfutocin kwaikwayo, da LXC don kwantenoni marasa nauyi da ke raba zuciyar Linux ɗaya da injin. Ana sarrafa shi ta burauza, a ƙofa mai lamba 8006.

Tun da injin yana Jamus ko Faransa ko Finlan, babu zancen soka filashi. Kamfanoni irin su Hetzner suna da tsarin ceto: ƙaramin Linux da injin ke tasowa da shi ta hanyar sadarwa, ya zauna cikin RAM bai taɓa faifai ba. Daga nan ake girka Debian sannan a ƙara masa Proxmox, ko kuma a tayar da faifan girkawar Proxmox cikin QEMU a nuna masa faifan gaske ya rubuta a kai. OVHcloud yana da shi cikin jerin abin da ake zaɓa da dannawa ɗaya. Mai bin hanyar Debian akwai ƙaramin tarko a gabansa: dole sunan injin ya dace da adireshinsa na gaske a fayil ɗin /etc/hosts, in ba haka ba wasu sassan Proxmox sai su ƙi tashi, mutum ya kwana yana neman laifin a inda ba ya nan.

Tambayar da ta fi nauyi tana zuwa da wuri, lokacin da sabon shiga ke ɗokin danna gaba: wane tsari za a ba faifan? Abin da aka zaɓa a nan da wuya a sauya shi ba tare da an rushe an sake gini ba. Masu faifai biyu sukan zaɓi ZFS su yi madubi, duk abin da aka rubuta a ɗaya a rubuta a ɗayan, ta yadda in guda ya mutu aiki ba zai tsaya ba. ZFS yana kuma tantance kowane guntun bayani, ya gano wanda ya ruɓe a ɓoye. Amma yana da sharuɗɗansa. Yana son ya ga faifan ido da ido, ba ta bayan katin RAID ba. Yana da cin RAM: a da yakan kama har rabin abin da injin ke da shi don ajiyar wucin gadi, abin da ya riƙa firgita sababbi har Proxmox, daga siga 8.1, ya taƙaita shi a sababbin girkawa zuwa kashi 10 cikin ɗari, kada kuma ya wuce gigabait 16. Sannan faifan SSD na kwamfutar gida ba ya jure irin rubutun da haifabaiza ke yi dare da rana. Na cibiyoyin bayanai ya fi tsada ne saboda juriya da kuma kariyar da yake da ita in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu. Injin gwanjo mai arha sau da yawa a nan arharsa take ɓoye.

Da zarar an gama, ƙoƙarin farko na sabunta manhaja zai dawo da kuskure mai lamba 401. Ba lalacewa ba ce. Proxmox yana zuwa ne a saite da rumbun masu biyan kuɗi, wanda bai biya ba sai ya koma rumbun kyauta da kansa, ya kuma haƙura da ɗan saƙon tunatarwa duk lokacin da ya shiga. Manhajar iri ɗaya ce, bambancin shi ne sababbin gyare-gyare suna isa rumbun kyauta da wuri, su isa na masu biya bayan an ƙara gwada su. Kamfanin da ya gudo daga lissafin Broadcom ya kuma ƙi biyan wannan ɗan kuɗin, rowa ce kawai ke damunsa.

Inda mutane ke kulle kansu a waje

Tambayi duk wanda ya daɗe a sana'ar inda aka fi zubar da hawaye, zai ce maka saitin sadarwa. Proxmox yana haɗa kwamfutocin kwaikwayo da duniya ta wata gada ta manhaja mai suna vmbr0. A ofis, inda na'urar rarraba sadarwa taka ce, sai ka jona kowa a gadar a wuce wurin. A cibiyar haya ba haka ba ne. Kowane katin sadarwa yana da lambar shaida da ake kira MAC, kuma cibiyar ta san ta injinka kaɗai. In ta ga baƙin lambobi suna fitowa daga wayarka, ko dai ta toshe su ko ta aiko maka da takardar gargaɗi, in ka yi biris a rufe sabar. Hanya biyu ce: ka sayi ƙarin adireshin IP, kamfanin ya ba kowanne lambar MAC da ya amince da ita, ko ka ajiye baƙin a wata gada ta cikin gida mai adireshi irin 10.0.0.1, injin ya zama shi ke fita da saƙonsu yana dawo musu da amsa da adireshinsa guda.

Hanya ta biyun tana ƙara farin jini saboda adireshin IPv4 ya zama kayan gwal. Gaba ɗayansu biliyan 4.3 ne, hukumar RIPE NCC da ke raba su a Turai da Gabas ta Tsakiya ta sanar da ƙarewar nata a Nuwamban 2019, Amazon kuma ya fara cajin rabin senti a kowace sa'a kan kowane adireshi daga Fabrairun 2024.

Haɗarin gyara waɗannan saituna shi ne, ta hanyar da kake gyarawa kake shiga injin. Harafi ɗaya ya kauce a /etc/network/interfaces, allo ya daskare, injin yana can yana aiki lafiya lau amma ba ya jin kiran kowa. Tsofaffin hannu kafin su taɓa fayil ɗin sukan ajiye kwafin tsohon, su saita umarnin da zai dawo da shi da kansa bayan minti biyar. In gyaran ya yi, su soke umarnin. Sukan kuma tabbatar tun ranar farko sun san yadda ake samun allon gaggawa, ko iDRAC na Dell, ko iLO na HP, ko na'urar da ma'aikacin cibiyar zai jona musu in sun nema.

Sai maganar ƙofa. A ranar Juma'a 3 ga Fabrairun 2023 hukumar tsaron intanet ta Faransa, CERT-FR, ta yi gargaɗin wani hari da ake kai wa sabobin ESXi. Manhajar garkuwa da bayanai da aka sa wa suna ESXiArgs tana shiga haifabaizan kansa, ta kulle fayilolin kwamfutocin da ke kansa, ta bar takardar neman kuɗin fansa na wajen Bitcoin biyu. Hukumomin Amurka sun ce sabobi sama da 3,800 abin ya shafa a duniya, kuma Faransa na cikin inda ya fi muni, inda mutane da yawa ke hayar inji su girka ESXi da kansu. Ramin da CERT-FR ta nuna yana cikin wata hidima mai suna SLP da ke sauraro a ƙofa ta 427, kuma VMware ya fitar da facinsa tun Fabrairun 2021. Shekara biyu cur facin yana ajiye. An girka, an ga yana aiki, an tafi, ƙofa a buɗe ga duk mai wucewa a intanet.

Proxmox ba shi da wata laya da za ta hana irin wannan. Ƙofar 8006 da ta SSH bai kamata kowa ya gan su daga waje ba, sai ta ramin sirri irin WireGuard ko daga adireshin da aka sani. Shiga da makulli maimakon kalmar sirri, da tantancewa ta biyu a waya, duk suna nan cikin manhajar, kunnawa kawai suke jira. Faci kuwa sau da yawa yana bukatar a kashe injin a kunna, wato a tsayar da duk baƙin da ke kansa, shi ya sa ake ta ɗaga shi zuwa mako mai zuwa har shekara ta zagayo. Kada kuma a ɗauka bangon da ke tsakanin baƙi ba ya tsagewa. A 2015 an gano wani rami da aka kira VENOM, wanda baƙuwa za ta iya bi ta faɗo cikin injin, kuma a ina yake? A sashen QEMU da ke kwaikwayon na'urar fulofi, abin da yawancin masu amfani da shi ba su taɓa riƙewa a hannu ba.

Rabon da ya wuce abin da ke akwai

Ribar haifabaiza tana cikin alkawarin da ya fi abin hannu. Injin mai ƙwaya 16 zai iya raba ƙwayoyin kwaikwayo 40 ko fiye, domin ba lokaci guda kowa ke aiki ba. In an wuce gona da iri, baƙi sukan fara jiran layi, kuma Linux yana nuna wannan jiran a wani ma'auni na lokacin da aka ƙwace masa. Wannan jinkiri ne kawai. RAM kuwa ba ya yafiya: in ya ƙare, Linux zai zaɓi wani babban aiki ya kashe don ya tsira, kuma babban aiki a irin wannan inji kwamfutar wani ce sukutum, galibi ma rumbun bayanai, tun da shi ya fi kowa ci. Faifai ma haka. Ana iya yi wa baƙi goma alkawarin gigabait 200 kowacce a faifan da bai wuce terabait ɗaya ba, tun da wuri ba ya cika sai an yi rubutu, amma ranar da ya cika duka goman za su tsaya tare, wasu da lalatattun fayiloli.

Sauran saitin ƙanana ne amma suna da tasiri. Faifai da katin sadarwa a ba su nau'in VirtIO, wanda aka yi shi musamman don baƙi, ya fi kwaikwayon tsofaffin na'urori sauri nesa ba kusa ba. Linux ya san shi, Windows sai an ba ta direbobinsa. A sa wakilin QEMU cikin kowace baƙuwa don injin ya iya ce mata ta kimtsa fayilolinta kafin a ɗauki kwafi. Kuma maimakon girka kowace kwamfuta daga farko, a gina guda a mayar da ita samfuri, cloud-init ya riƙa ba kowane kwafi sunansa da adireshinsa da makullinsa.

Daren Strasbourg

Da tsakar daren 10 ga Maris 2021 wuta ta tashi a cibiyar OVHcloud da ke Strasbourg. Ginin SBG2 ya ƙone ƙurmus, wani ɓangare na SBG1 ya lalace, aka kashe wutar sauran. Ba a rasa rai ba, amma kamfanin Netcraft ya ƙiyasta shafukan intanet miliyan 3.6 ne suka ɓace a lokacin. Waɗanda ke da kwafi a wani gari sun tashi cikin sa'o'i ko kwanaki. Wasu kuwa sai a ranar suka gane cewa kwafin nasu yana cikin injin da ya ƙone, ko a wani ɗaki na wurin. A 2023 kotun kasuwanci ta Lille ta umarci kamfanin ya biya wasu abokan ciniki diyya, waɗanda suka biya kuɗin ajiyar kwafi aka kuma ajiye musu shi wuri ɗaya da asalin. Wanda bai sayi wannan hidima ba, ya kama inji kawai ya raba da kansa, ba shi da wanda zai kama.

A nan ne ake yawan ruɗa abu biyu. Hoton da haifabaiza ke ɗauka kafin a yi gyara, don a koma baya in gyaran ya ɓaci, a faifai ɗaya yake zaune da asalin, tare suke mutuwa. Madubin ZFS ma ba kwafi ba ne, domin abin da ka goge bisa kuskure nan take yake gogewa a faifan biyu. Kwafi na gaskiya shi ne wanda ke wani inji, a wani gari, da makullin da injin farko ba zai iya amfani da shi ya goge shi ba, tun da ɓarayin bayanai yanzu kwafin suke fara nema. Proxmox Backup Server, da ya fito a 2020, yana aika abin da ya sauya kaɗai, yana kuma iya rufe shi da sirri tun kafin ya bar injin. Duk da haka, sai an taɓa dawo da kwamfuta daga kwafin an ga ta tashi kafin a ce ana da shi.

Masu son kada aiki ya tsaya ko na minti sukan haɗa injina su zama gungu, in ɗaya ya faɗi sauran su tayar da baƙinsa. Biyu ba sa isa. Gungun yana yanke hukunci ne da rinjayen ƙuri'a, kuma in waya ta katse tsakanin inji biyu kowanne yana da ƙuri'a ɗaya cikin biyu, ba mai rinjaye, sai duka su ƙame. Ana bukatar na uku, ko wata ƙaramar na'ura mai raba gardama. Kuma dole su kasance kusa, jinkirin saƙo tsakaninsu bai kai milisakan 5 ba. Gungu tsakanin Legas da Frankfurt mafarki ne.

Lissafin mai biya da naira

Ga kamfani ko jami'a a Najeriya, duk wannan yana da ƙarin nauyi. Lasisin VMware da hayar sabar waje da dala ko yuro ake biya, kuma bayan sakin naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024. Ko Broadcom bai ƙara ko sisi ba, kuɗin ya ninka sau uku. Nisa ma yana da farashinsa: saƙo daga Legas zuwa Landan ya dawo yana cin wajen milisakan 100, kuma a ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, sabobin da ke Turai suna nan lafiya, masu su ne suka sha wuyar isa gare su. Ga kuma ƙa'idojin NITDA da ke neman a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa, da Dokar Kare Bayanai ta 2023 da ta gindaya sharuɗɗan fitar da bayanan mutane waje. Wuraren ajiye inji a gida sun ƙaru: Rack Centre a Legas, cibiyoyin MainOne da Equinix ya saya a 2022, da na Galaxy Backbone a Abuja da Kano. Proxmox bai damu da ƙasar da injin yake ba. Matakan nan duka iri ɗaya ne.

Wa ya kamata ya bi wannan hanya? Wanda ke da kwamfutoci biyu ko uku, ba shi kuma da ma'aikacin da zai tashi ƙarfe biyun dare, gara ya ci gaba da hayar yanki, kamfanin girgije ya yi masa gadi. Wanda ke da ashirin ko hamsin masu aiki ba dare ba rana, da aƙalla mutum biyu da suka san Linux, shi ne lissafin ke yi wa daɗi. Na ce biyu da gangan, domin wanda ya girka yakan samu aiki a wani wuri ya tafi da duk saitin a kansa.

Ƙaurar kanta ta yi sauƙi fiye da da. Daga siga 8.2 ta Afrilun 2024, Proxmox yana iya jona kansa da sabar ESXi ya jawo kwamfutocin kai-tsaye. Na Linux yawanci sukan tashi, sai dai sunan katin sadarwa ya sauya a gyara. Na Windows su ne masu gardama: in ba a sa musu direbobin VirtIO ba kafin a sauya nau'in faifai, sai su tsaya a shuɗin allo suna cewa ba su ga faifan tashi ba, shi ya sa ake fara tayar da su da SATA, a girka direbobin, sannan a sauya. Wasu manhajojin kasuwanci kuma lasisinsu a ɗaure yake da lambar injin da aka fara sa su, sai an koma wurin mai su ya sake buɗewa. Masu fitowa daga manyan kamfanonin girgije akwai kuɗin fitar da bayanai da ake caji kan kowane gigabait. A farkon 2024 Google da Amazon da Microsoft sun sanar da yafe shi ga mai tashi, bayan Tarayyar Turai ta kafa dokarta ta bayanai, amma yafiyar ba ta zuwa da kanta: sai an nema a rubuce an samu amincewa, kuma akwai wa'adin kwanakin da za a kwashe kayan a cikinsa.